Kai Ɗaya, Haraji Biyu: Tarihin Abin da Bahaushe Matafiyi Ke Biya Tsakanin Gida da Zango

  

Kwanakin baya wani dattijo ya riga mu gidan gaskiya a unguwarmu, Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar bakwai, magada suka ɗauko akwatinsa na ƙarfe suka kawo zauren maigida, inda nake riƙe da alƙalami, domin a buɗe shi gaban shaidu. Aka sami tazbaha, da wani tsohon Dala'ilu da ya sha hannu, da ƙunshin takardu an ɗaure da zaren saƙa. Da muka kwance ƙunshin, sai ga rasit na lampo tun na zamanin Turawa, an jera su shekara bi shekara, da sunan mahaifin mamacin. A ƙarƙashinsu kuma ga takardun harajin En'e na wani ƙauye a arewacin Nijeriya, su ma da sunan nan. Da aka gwada shekarun sai aka ga sun zo daidai. Mutum ɗaya, cikin shekara ɗaya, ya biya nan ya biya can.

Ɗaya daga cikin jikokin ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe haka aka riƙa cutar tsofaffin nan?" Maigida ya dube shi ya ce, "Ɗana, kai da kake karɓar albashi a Tema, kana kuma karɓar kuɗin hayar gidan gado a Kano, wace hukuma ce ke bin ka, nawa kuma take bin ka?" Yaro ya sunkuyar da kai. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin matsalar da jikan yake tsammanin ta tsofaffi ce tana nan zaune a aljihunsa, ta sake riga ne kawai.

Zamanin ayari

Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasashen nan kakanninmu suka san biyan kuɗi a ƙasar wani. Fataucin Gwanja shi ne makarantar da suka koyi wannan karatu. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi na rini da jemammun fatu da gabu, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ya bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, kana ya sauke a Salaga, inda goron ƙasar Tonawa ke jiransa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan hanya, kuma zuwa da dawowa kan ci wa mutum mafi yawan shekararsa.

A kowane mashigin ruwa akwai fito. A ƙofar kowane sarki akwai gaisuwa. Madugu ne ke zama da wakilan sarkin a yi ciniki, in an daidaita sai a rarraba wa fatake gwargwadon yawan kayan kowa. Da wannan ake auna madugu: wanda ya san sarakunan hanya, ya san wanda ake ba wa alkyabba da wanda ƙwaryar kanwa ta ishe shi, shi ne fatake ke rububin bi. Abin lura a nan shi ne, kuɗin nan a kan kaya yake. In ka biya ka wuce, sarkin Nikki ba shi da sauran magana da kai sai baɗi in ka sake biyowa. Ba ya tambayar gonarka ta gida, ba ya ƙidaya matanka. Kuma fatake na da makami guda a hannunsu, wato sauya hanya. Sarkin da ya tsananta, ayari kan kauce masa, kasuwarsa ta mutu, ya rasa wanda zai gaishe shi ko da goro ɗaya.

A gida kuwa akwai wani nau'in biya dabam. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa kowane magidanci na biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500 a shekara, ban da kuɗin karofi da ake ɗora wa marina. Wannan na mazaunin ƙasa ne. Saboda haka tun wancan zamani falke ya san biya iri biyu, na zama da na wucewa, amma kowanne da muhallinsa, ba sa hawa kan juna.

Malamanmu ma ba su bar wannan babi a buɗe ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da ɗora wa talakawa ba bisa shari'a ba, ko da yake tarihi ya nuna yawancinsu sun dawo bayan jihadi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce babin zakka a Risala ya san hukuncin ushirin da ake karɓa daga ɗan amana in ya kai hajarsa daga wata nahiya zuwa wata. Ya san kuma cewa ba a fitar da zakka sau biyu a dukiya ɗaya cikin shekara ɗaya. A Muhtasar an yi maganar matafiyin da shekara ta cika masa a hanya, da abin da ke hannunsa da abin da ya baro a gida, da kuma inda ya kamata a raba zakkar. Tambayoyi biyu ne malaman fiƙihu ke juyawa: ina mai dukiya yake, ina kuma dukiyar take? Ku riƙe su, domin za mu sake gamuwa da su a ofishin haraji na yau.

Da aka ja layi a kan hanya

Salaga ta fita daga hannun Tonawa bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874. A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa garin, fatake suka watsu zuwa Kete-Karachi da Yeji da Kintampo da Atebubu. Ana cikin haka Turawa na can suna raba ƙasa a kan takarda. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta yanke iyakar arewacin Gwalkos. Ta Ingila da Jamus ta 1899 ta raba ƙasar da a da suka ce ba ta kowa ba ce, Salaga ta faɗa wa Ingilishi, Yandi ta faɗa wa Jamus. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi iyakar Nijeriya da Nijar da ƙafa ana kafa alamu, aka raba Katsina da Maraɗi, aka raba Daura da Damagaram.

Ku dubi abin da wannan ya yi wa tsohuwar hanyar goro. Falken da ya tashi daga Kano yana ƙasar Ingilishi. In ya isa Nikki da Jugu yana ƙasar Faransa. A Mango da Yandi yana ƙasar Jamus. A Salaga ya koma hannun Ingilishi, amma na wata gwamnati dabam mai nata asusu. Kowace gwamnati ta kafa nata shinge. Gwamna Lugga ya sa wa ayari kuɗin hanya, biyar cikin ɗari na ƙimar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har zuwa sha biyar cikin ɗari. Bature ba ya ciniki da madugu, ƙima a rubuce take, kuma sauya hanya ba ya fid da kai, domin duk inda ka bi ƙasar wani Bature ce. An soke wannan kuɗi a arewacin Nijeriya a 1907, aka soke irinsa a arewacin Gwalkos a 1908, amma kafin nan hanyar ta fara mutuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin teku daga Sekondi zuwa Ikko, daga can ya hau dogo. Ma'aikacin kwastan ya gaji sarkin fito. Fatake da yawa suka sauke kaya suka zauna, zangon da a da masaukin kwana kaɗan ne ya zama unguwa, aka haifi iyayenmu a ciki.

Wani lokaci ma mutum bai motsa ba, iyaka ce ke tsallake shi. Bahaushen da ya zauna a Kete bayan yaƙin Salaga ya fara da gaida masu ƙasar Karachi. Daga 1894 ya shiga hannun Jamus, waɗanda daga 1907 suka ɗora wa kowane namiji baligi aikin gwamnati na kwana 12 a shekara ko ya fanshi kansa da mark 6. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914 sai ya wayi gari a hannun Ingilishi. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956 jikokinsa suka zama na Ghana. Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a can a 1934, ya ga mafi yawan wannan juyi da idonsa. Daga baya ma ruwan madatsar Akosombo ya cinye tsohon garin. Hukuma huɗu suka karɓi kuɗi a ƙofar gida ɗaya, gidan kuma yau yana ƙarƙashin ruwa.

Haraji ya sauka daga kan jaki ya hau kan mutum

Babban juyin da Turawa suka kawo shi ne mayar da haraji a kan kai, da kuma neman a biya shi da tsabar kuɗinsu. A arewacin Nijeriya dokar 1906 ta tattara tsofaffin kuɗaɗen sarauta ta nufi mayar da su haraji guda, ban da jangalin shanu. A 1911 aka fara tsarin baitulmalin En'e, Katsina ce kan gaba, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Yadda abin ke tafiya shi ne, a ƙidaya mazan gari a yanka wa garin jimlar kuɗi, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa. In mutum ya tafi Gwanja sunansa na nan a littafi, jimlar kuma ba ta raguwa don ya tafi. Wa zai cika gurbin? Ƙaninsa, ko tsohon ubansa, ko a kama akuyar uwarsa a kai kasuwa. Ga asirin takardun da muka gani a akwatin nan. Mutumin bai biya don wauta ba. Ya aika da kuɗin ne don kada dogari ya tsaya a ƙofar gidansu, don kuma gonar gado ta ci gaba da amsa sunansa. Ya biya lampo a nan don a bar shi ya ci kasuwa. Takarda ɗaya ta tsare masa asali, ɗaya ta tsare masa abinci.

A ƙasashen Faransa abin ya fi haka tsanani. Kuɗin kai, wanda Hausawan Nijar ke kira lanho daga kalmar Faransanci, ya hau kan maza da mata, ga aikin tilas na gina hanyoyi da ɗaukar kaya, ga ɗibar soja. Littattafan ƙidaya kan daɗe ba a sabunta su ba, sai rayayye ya biya wa wanda ya yi ƙaura, har da wanda ya mutu. A yunwar 1931, shekarar da fara ta cinye amfanin gona a ƙasar Zabarma, ba a fasa neman kuɗin ba. Wannan ne ya cika hanyoyin kudu da samari. Garuruwan bakin iyaka suka riƙa tsallakawa Nijeriya, makiyaya suka riƙa kora shanu daga wannan gefe zuwa wancan gwargwadon inda jangali ya fi sauƙi. Zabarmawa da Mosawa kuwa suka nufo Gwalkos, suka shiga gonakin koko, da ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa, da aikin dako a kasuwar Kumasi. Su tara sulalla, su canza su zuwa dalar Faransa wajen 'yan canji, su koma kafin damina su sauke wa gidansu lanho. Gumin da aka zubar a ƙasar Ingilishi shi ya riƙa cika baitulmalin Faransa. Sai a 1946 aka soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Me ya sa Gwalkos ta zama mafaka? Domin an daɗe ba a karɓar kuɗin kai a cikinta. Ingilishi sun gwada a 1852, sule ɗaya kan kowane rai, namiji da mace da yaro. Mutanen Osu da La da Teshi suka ƙi, aka yi musu ruwan igwa daga teku a 1854, amma duk da haka harajin ya mutu cikin 'yan shekaru. Gwamnati ta dogara da kuɗin kwastan na bakin teku. Sai a 1936 aka kafa harajin kai a lardunan arewa ta hannun sarakuna, a 1943 aka yi dokar harajin kuɗin shiga, hukumomin gargajiya da na garuruwa su ma suka riƙa karɓar nasu na shekara. Shi ne lampon da iyayenmu suka sani. Tunda sarakunan zango da shugabannin ƙabilu su suka san wanda ya sauka da wanda ya tashi, da su ake neman baƙo. Daga nan rasit ya zama abin sawa a aljihu. Ɗan cin rani a Nijeriya ba ya tafiya sai da takardar harajinsa, domin in ɗan doka ya tare shi babu ita, sabon biya ne. A nan ma haka. Kafin katin shaida, rasit ne ke faɗin ko kai wane ne.

'Yancin kai da darasin 1969

Da aka sami mulkin kai mutanenmu suka ɗauka wanda ya shekara talatin yana biyan lampo ya zama ɗan gari. Ba a jima ba aka nuna musu kuskurensu. A 1957, shekarar 'yanci kanta, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan zangon Kumasi, zuwa Nijeriya. Suna gaban kotu suna kafa hujjar cewa su 'yan ƙasa ne majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 kuma gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fita. Dattawanmu har yau in suna ba da labarin ranakun nan sai murya ta canza. An sayar da gida a kuɗin akuya, an bar shago a buɗe, an cika manyan motoci da mutanen da wasunsu ba su taɓa ganin ƙasar da ake mayar da su ba. A 1970 aka bi da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in ciniki ga 'yan ƙasa. Masu tarin rasit sun fito da su, aka ce musu wannan shaidar biya ce, ba shaidar zama ba ce.

Reshe ya juya da mujiya a Janairun 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya a jakar da har yau ake kira da sunan wannan kora. Alhali ECOWAS ta kafu tun 1975, an kuma sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ba tare da biza ba a 1979. Darasin da ya fito daga kora biyun nan guda ne. Hukuma kan karɓi kuɗin baƙo da hannu biyu, amma biyan haraji dabam, izinin zama dabam, zama ɗan ƙasa kuma dabam. Ƙofa uku ce, kowace da mabuɗinta.

A shekarar 1979 ɗin nan ce kuma gwamnonin jam'iyyar PRP, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu, abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka daɗe suna fafutuka a kai tun 1950. Daga nan aiken kuɗin haraji gida ya fara gushewa, shi ya sa jikokin yau ba su san shi ba.

Inda muke yau

Yanzu babu dogari, babu madugu. Akwai lamba. Hukumar tara kuɗin shiga ta Ghana, wato GRA, wadda aka kafa a 2009, tana aiki da dokar harajin kuɗin shiga ta 2015. Tun Afrilun 2021 lambar da ke kan Ghana Card ita ce lambar harajin mutum, kuma da ita ake buɗe asusun banki, da ita ake rajistar layin waya. Abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa a da, yau sawunsa na cikin kwamfuta.

Tambayoyin nan biyu na malaman fiƙihu su ne ginshiƙin dokokin yau. Ta farko, ina mai dukiya yake zaune? A dokar Ghana, wanda ya yi kwana 183 a ƙasar cikin wata goma sha biyu mazauni ne a wajen haraji, ko da fasfo ɗinsa na wata ƙasa ne, kuma mazauni ana bin sa harajin abin da ya samu a ciki da wajen ƙasa. Ta biyu, ina dukiyar ta fito? Ƙasar da gida yake, ko shago, ko inda aka yi aikin, tana da haƙƙin karɓa ko da mai shi yana wata duniya. To jikan nan namu mai albashi a Tema da gidan haya a Kano, Ghana na kallonsa ta ƙofar zama, Nijeriya na kallon gidan ta ƙofar tushe. Nijeriya ma ta sabunta dokokinta: Shugaba Tinubu ya sa musu hannu a Yunin 2025 don su fara aiki a Janairun 2026, kuma a cikinsu ba ƙidayar kwanaki kaɗai ke mayar da mutum mazauni ba, har da samun gidan zama na dindindin, ko iyali da harkokin dukiya masu ƙarfi a ƙasar. Wanda ke da mata a Kumasi da mata a Kano, shago nan shago can, yana iya wayar gari ƙasa biyu kowace na ce masa nata ne.

Abin da ya bambanta mu da mai akwatin nan shi ne, yau doka ta san biya biyu zalunci ne, ta kuma buɗe mafita. Dokar Ghana ta yarda a rage wa mazauni harajin da ya riga ya biya a wata ƙasa a kan kuɗin da ya samo can. Shugabannin ECOWAS ma sun amince a Disamban 2018 da ƙa'idojin hana karɓar haraji sau biyu tsakanin ƙasashen ƙungiyar. Amma ragin ba ya zuwa da kansa. Sai ka nema, sai ka nuna shaida a rubuce. Wanda ya biya a hannu ba rasit, ko ya biya da sunan ɗan'uwansa, a idon hukuma bai biya ba.

Harajin kaya ma bai mutu ba. Mai kawo albasa daga Galmi zuwa Ankara, da mai kora shanu ta Paga zuwa kasuwar Tulaku, su za su ba ku labarin shingayen hanya, na doka da waɗanda ba na doka ba, fiye da yadda zan iya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kayan mutane suka lalace a Seme. A nan kuma dokar zuba jari ta 2013, wadda ta nemi baƙo mai ciniki ya kawo jarin dalar Amurka miliyan ɗaya, ita aka riƙe aka kulle shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, suka kuma sa nasu kuɗin shigo da kaya na rabin ɗaya cikin ɗari. Hanyar da kakanninmu suka bi da jakuna ta sake ratsa hukumomi masu asusu dabam-dabam, kamar yadda take a 1900. Har kuɗin da ɗa ke tura wa uwarsa ta waya an taɓa sa masa haraji a nan, daga Mayun 2022 har zuwa soke shi a Afrilun 2025.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa

Rigakafi ya fi magani. Duk wanda ke da ƙafa a ƙasa biyu, ya san adadin kwanakin da yake yi a kowace, hatimin fasfo shi ne shaidarsa, saboda haka ya bi ta ƙofa a buga masa, ya bar bin ta bayan gari. Ya biya da sunansa na gaskiya, irin wanda ke kan katinsa, domin yawancin rigingimun da ke zuwa zauren maigida daga nan suke farawa: Muhammadu a wannan takarda, Mamman a waccan, Baba Alhaji a ta uku. Ya raba kuɗin ciniki da kuɗin amana da na aike, kada su gauraya a asusu ɗaya har a ƙidaya masa abin da ba nasa ba. Masu gadon gida ko gona a wata ƙasa su daidaita takardunsu tun masu sanin iyaka na da rai. In lamari ya yi nauyi a nemi akanta ko lauya mai lasisi, cikin 'ya'yanmu ma akwai su, a bar dogaro da ɗan tsakiyar da ke cewa ya san wani a ofis. Kada kuma wani ya ce ya fitar da zakka don haka haraji ya faɗi a kansa, ko ya biya haraji don haka zakka ta faɗi. Zakka haƙƙin Allah ce, da masu cinta da aka ambata, haraji kuwa na hukumar da kake zaune ƙarƙashin inuwarta ne.

Sannan mu san cewa mai biya yana da bakin tambaya. Uwayenmu masu sayar da waake da koko suna yankar tikitin kasuwa kowace safiya, mahautanmu da direbobinmu suna biya, kakanninmu sun biya tun ana lissafi da sule. Da majalisa ta amince da Asusun Raya Zango a 2017, ba sadaka aka yi mana ba. In za mu je gaban hukumar gunduma neman magudanar ruwa ko ajin makaranta, mu je da rasit a hannu, mu yi magana irin ta wanda ya zuba nasa a cikin tukunya.

Takardun nan na akwati, maigida ya hana a zubar. Ya ce a ɗauki hotonsu a raba wa jikoki, asalin kuma a mayar cikin akwatin a ba babbar 'yar mamacin ta adana. Ina roƙon duk mai irinsu a gida, na lampo ko na En'e ko na lanho, ya ɗauki hoto ya sa a ƙarƙashin wannan rubutu, bayan ya rufe sunan mai shi, domin mu haɗa tarihinmu da hannunmu.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha ranar hanya domin mu sami inuwa. Allah ya ba shugabannin ƙasashenmu ikon yin adalci ga ɗan gari da baƙo, ya sa albarka a cikin nemanmu, ya raba mu da bashin duniya da na lahira. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.